Sunan da Lyle Bai Kira Ba

A Manitowoc, in ka ce Orville Zastrow sai mutum ya ɗan yi tunani, amma in ka ce Alƙali, har matar da ke sayar da burodi ta san wanda kake nufi. Bai taɓa taka kotu ba, ko a matsayin shaida. Shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu a unguwannin kudancin kogi, jaka a kafaɗa, cikin ƙanƙarar da kan kai gwiwa, kuma ba a taɓa jin ya jefa wasiƙar wani a akwatin wani ba. Dogo ne siriri mai manyan kunnuwa, wanda in ya ce ƙarfe biyu, to ƙarfe biyun yake nufi. Marigayiya matarsa takan ce ko aljanna aka buɗe masa, sai ya tsaya a ƙofa ya tambayi wanda ya sa hannu a takardar.

Sunan Alƙali a ɗakin ƙasa na wata mashaya kusa da gada ya samo shi. A nan mu maza goma sha biyu muke haɗuwa tun 1981 muna gasar besbal, wasan ƙwallo da sanda, sai dai tamu ba fili, ba ƙwallo, ba ɗan wasa ko ɗaya mai jini a jika. Kowa da ƙungiyarsa, kowane ɗan wasa kuma kati ne. Da fari da 'ya'yan ludo ake buga wasannin, daga baya kwamfuta ta karɓi aikin. Ita ke haifo sababbin yara kowace shekara, ta raɗa musu suna, ta tsufar da su, ta karya musu gwiwa, ta sallame su. Amma katin bai mutu ba. Duk wanda ɗan wasa ke hannunsa, katin na cikin akwatin sigarinsa, in kuma ɗan wasa ya sauya gida, sai an tura katin a kan tebur daga hannu zuwa hannu kowa na kallo. Matanmu sun daɗe da gajiya da tambayar abin da masu jikoki ke nema a wannan shirme.

Orv bai iya wasan ba, wannan kuma ba zagi ba ne, shi ma ya sani. Shekara talatin da biyar bai taɓa ɗaga kofi ba, ya fi sabawa da ƙasan tebur. Abin da ya iya shi ne doka. Shi ya buga kundin gasar da keken rubutu, shafi arba'in da ɗaya, kuma cikin kundin babu abin da yake ji da shi kamar dokar diyya.

Ga yadda take. Sabon yaro yakan yi shekara shida a hannun wanda ya zaɓe shi, daga nan duk bayan shekara uku wa'adinsa yakan cika ya zama sakakke. A taron hunturu, Asabar ta biyu a watan Janairu, kowane mai ƙungiya yakan miƙe tsaye ya kira sunayen sakakkun da yake son riƙewa, kada su wuce huɗu. Wanda aka kira, duk mai son ɗauke shi sai ya biya diyya, wato zaɓensa na farko cikin sababbin yara, shekara biyu a jere. Diyyar ta yi nauyin da kusan ba mai kusantarta. Wanda ba a kira ba kuwa ya zama na kowa, kyauta, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke fara ɗauka.

A 1994 wasu 'yan'uwa biyu suka yi wa dokar wayo. Suna ƙyafta wa juna ido, ɗaya ya saki gwaninsa, ɗayan ya ɗauka kyauta, bayan mako biyu ya mayar masa ta hanyar musayar ƙarya. Ran Orv ya ɓaci ƙwarai, har ya kasa cin abinci. Ya zauna ya ƙara sharuɗɗa biyu. In mutum na tsaye yana kira, ba mai buɗe baki, ba tari, ba nuni, kuma sunan da aka sa masa a baki ba ya cikin lissafi. Sannan wanda ya ɗauki sakakke ba zai mayar wa tsohon mai shi ba, ko da musaya ko da kyauta, sai an buga kakar wasa biyu cikakku. Ya karanta wa kowa da murya mai ƙarfi, yana jin daɗin kansa, ya ce yanzu ko allura ba za ta sami hanyar wucewa ba.

Amininsa ɗaya ne a duniya, Lyle Henke, tun suna aji ɗaya a firamare. Lyle gajere ne mai faɗin ƙirji, mai walda a wurin ƙera jiragen ruwa, dariyarsa ana jin ta daga bakin titi. Sau huɗu ya ci kofi. Bai taɓa zuwa taro da takarda ba, duk katunansa a kansa suke, har da shekarun kowa da hannun da yake jifa da shi. In ya ga wani ya zaro takarda sai ya ce, "Ku dubi wannan, sai an rubuta masa sunayen 'ya'yansa!"

Akwai wata al'ada a gasar. Sau ɗaya tak a rayuwarsa, mai ƙungiya yana da damar goge sunan da kwamfuta ta ba sabon yaro ya sa wanda yake so. Yawancinmu mun ɓarnatar da damar a kan sunan kare ko na surukin da ake jin haushi. Lyle ya adana tasa shekara ashirin da huɗu. A Fabrairun 2004 ƙanƙarar tabki ta fashe ƙarƙashin babur ɗin ɗansa Curtis, ɗansa guda ɗaya da aka samu bayan an fid da rai, ya nutse yana da shekara goma sha tara. Da Janairu ya zagayo, Lyle ya zaɓi wani bahagon mai jifa ɗan shekara ashirin, ya zaro biro, ya soke sunan da ke kan katin ya rubuta Curtis Henke. Sai kuma katin ya zamo gwanin jifan da gasar ba ta taɓa ganin irinsa ba. Kowace shekara kwamfuta tana ƙara masa shekara ɗaya, ashirin da ɗaya, ashirin da biyu, shekarun da mai sunan bai gani ba. Duk Lahadi bayan coci wayar Orv takan yi ƙara.

"Alƙali, ka ga yaron jiya?"

"Na gani. Ai ni ya yi wa kaca-kaca."

"Yo wa ya ce ka tsaya gabansa?"

Sau biyu wa'adin Curtis ya cika, sau biyu Lyle ya miƙe ya kira sunansa kafin na kowa. Wa'adi na uku zai cika a Janairun 2017.

A damunar da ta gabaci wannan Janairun abin ya fara, a hankali. Kowane mako masu ƙungiya kan aika wa Orv jerin waɗanda za su buga, shi kuma ya shigar a kwamfuta. Wata Alhamis jerin Lyle ya zo da sunan ɗan wasan da ya yi ritaya shekara shida da suka wuce. Orv ya daɗe yana kallon takardar. Sai ya gyara da hannunsa, karo na farko a rayuwarsa da ya taɓa jerin wani, bai kuma gaya wa kowa ba. Bayan mako uku ya sake gyarawa. Wata Juma'a a wurin cin soyayyen kifi, Lyle ya share farantinsa tas, ya goge baki, ya ɗaga hannu ya tambayi mai kawo abinci yaushe za a kawo kifin. A Oktoba ya fito ɗaukar Orv, tafiyar minti biyar, sai bayan awa biyu ya kira daga wani gari daban, Two Rivers, yana dariya, wai an sauya tituna. Orv ya taya shi dariyar, amma ya san ba wanda ya taɓa titunan.

A Nuwamba Marlene, matar Lyle, ta zo gidan Orv da hantsi da kek ɗin tuffa a hannu. Ta ajiye a kan teburin kicin, ba ta cire rigar sanyi ba.

"Likita ya faɗi sunan ciwon," ta ce. "Ni ba zan faɗa ba, ka san shi."

"Shi ya sani?"

"Da safe ya sani. Da yamma sai ya ce likitan ne ba shi da lafiya." Ta share hanci. "Kuna da wata doka, ko? Ta wanda ya kasa tafiyar da ƙungiyarsa da kansa."

"Sashe na goma sha bakwai. Sai ya bar kujerar ga na gaba a layi."

"Wane marar imani ya rubuta wannan?"

Orv ya dubi kek ɗin.

"Na sani ai," ta ce. "Orv, ka saurare ni. Mota zan karɓe, na riga na ɓoye makullin. Kayan walda na kulle. Abin da ya rage masa akwatin sigarin nan ne, da yaron da ke ciki. Da safe kafin ya sha kofi sai ya buɗe ya duba ko yana nan. In suka ji, za su karɓe kujerar, su ce tausayi ne. Ka rantse mini ba za su ji daga bakinka ba."

"Marlene, a Janairu sai ya miƙe ya kira sunan da bakinsa. Ba mai iya taya shi."

"Sunan ɗansa ne. Ko sunana ya manta, ba zai manta wannan ba. Ka rantse."

Ya rantse.

Daga ranar Orv ya shiga ƙirga kwanaki da tsoro. Ya san jerin ɗauka kamar tafin hannunsa. Shi ne na ƙarshe a gasar bara, kamar yadda aka saba, don haka shi zai fara. Na biyu Travis Oleson, ɗan shekara talatin da huɗu mai aiki a kamfanin inshora, wanda ya sami kujera shekara biyar da suka wuce. Ba mugu ba ne, amma shi kati lamba ne kawai a wurinsa, kuma bai taɓa ganin Curtis na gaskiya ba. Ya taɓa cewa a gaban kowa, bahago ɗan shekara talatin da biyu saura masa kaka ɗaya mai kyau, da a hannunsa yake da kafin Yuli ya musanya shi da yara uku.

Ranar Juma'a, jajibirin taro, a wurin kifi, Orv ya tura wa Lyle wata 'yar takarda. Suna huɗu ne a kai, na Curtis a sama da manyan baƙaƙe.

"Mene ne wannan?"

"Tuni ne kawai. Kowa na yi."

"Takarda? Ni?" Lyle ya ajiye cokali. "Kai Alƙali, tsufa ya fara taɓa ka. Ni zan manta yarana?"

"Don Allah ka riƙe, ko don ni."

"To, don kai, tunda ka zama uwata." Ya cusa ta a aljihun rigar sanyinsa yana girgiza kai.

Asabar ta waye da ƙanƙara tana sauka ba iska, gari ya yi tsit. Ƙarfe ɗaya na rana aka taru. Ɗakin ƙasan na warin albasa da tsiran alade da aka dafa cikin giya, tukunyar ɗumama gini tana gurnani a lungu. Kowa ya ajiye akwatin sigarinsa a gabansa. A gaban Orv akwai guntun sandar besbal da yake buga tebur da ita in an rufe magana. Sai da suka zauna ya lura Lyle daga shi sai rigar ulu. Rigar sanyin tana sama, a rataye bakin ƙofa.

"Bari in ɗauko maka rigarka," ya raɗa masa. "Da sanyi a nan."

"Zauna, mutumina, ana kallonmu. Zufa ma nake yi."

Kuma ranar Lyle na cikin hayyacinsa fiye da yadda Orv ya gan shi cikin wata shida. Ya tsokani Butch Novak, tsohon mahauci, kan tumbinsa. Ya tuna wa wani wasan da ya lallasa shi a 1988, har da yawan maki. Hankalin Orv ya fara kwanciya. Mutum huɗu suka miƙe suka kira nasu, aka buga sanda sau huɗu. Lyle ne na biyar.

Ya miƙe, ya dafa tebur da hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayan yana ƙirgawa da yatsu. Ya kira na farko, mai tsaron tsakiya. Orv ya ɗago kai, don ba da wannan Lyle ya saba farawa ba. Ya kira na biyu. Ya kira na uku, duka daidai, ba gargada. Ya miƙar da yatsa na huɗu.

Ya dubi yatsan. Ya dubi akwatin sigarin da ke rufe a gabansa. Ya ɗaga kai ya dubi bututun da ke bin rufin ɗakin, leɓensa na motsi. Mutum goma sha ɗaya sun san sunan, yana kan harshen kowa, kuma ba mai ikon ko gyaran murya. Orv ya kafa masa ido har idon ya kawo ruwa. Ya ga lokacin da tsoro ya ratsa fuskar Lyle, ya kuma ga lokacin da Lyle ya lulluɓe tsoron da dariya, yadda ya saba yi tun damuna.

"Sauran ku kwashe, matsiyata, na yafe muku," ya ce. "Na gama." Ya zauna.

Sandar na hannun Orv. Bai buga ba. Ya gyara tabarau, ya juya shafin kundi, ya sake juyo shi, yana jiran ko Lyle zai zabura. Lyle kuwa ya ja farantinsa yana neman mastad ɗin da zai shafa wa tsiransa.

"Alƙali," in ji Travis, a hankali. "Ya ce ya gama."

Orv ya buga.

Bai ji abin da sauran bakwai suka kira ba, har nasa kiran bai san yadda ya yi shi ba. Da aka zo ɗauka, aka juyo gare shi, tunda shi ne farko. Travis na gefensa, ya riga ya ja layi ƙarƙashin wani suna a takardarsa, kuma Orv ya ga sunan. In ya bar katin ya wuce, kafin Yuli ya faɗa hannu na uku, ba mai sake ganinsa. In ya ɗauka, aƙalla yana hannun da zai adana shi. Kaka biyu, ya ce a ransa, kaka biyu kawai. Bai yarda ya tambayi kansa ko Lyle na da kaka biyun ba.

"Curtis Henke," ya ce.

Butch ya ajiye kofinsa da ƙarfi. Lyle yana tauna, yana murmushi, kamar an ambaci wani da ya sani a gari.

"Lyle," in ji Orv. "Katin."

"Wane kati?"

"Na Curtis. Ba ka kira shi ba."

"Na kira shi mana. Shi nake fara kira kullum." Ya dubi Butch. Butch ya dubi tebur. Ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Murmushin ya gushe. "To ko ban kira ba, wa zai taɓa shi? Wane ɗan iska ne ya ɗauka?"

"Ni ne."

"Kai?" Ya daɗe yana kallonsa. "Kai, Orville?" Rabon da ya kira shi da wannan sunan tun ranar jana'izar matar Orv. "To ina diyyata?"

"Babu diyya ga wanda ba a kira ba."

Magana ɗaya za ta wanke Orv a wurin, kuma tana bakinsa. Amma in ya faɗe ta, sashe na goma sha bakwai na nan yana jira, kuma ya rantse wa Marlene. Lyle ya buɗe akwatin, bai ko lalube ba, katin ne a sama. Ya ɗora yatsa ɗaya a kai ya tura shi, a hankali, tsawon teburin nan, ya wuce faranti da kofuna, har gaban Orv. Sannan ya hau sama ya bar akwatinsa a buɗe.

Orv ya same shi a wurin ajiye motoci yana neman motar da bai zo da ita ba. Ya sa shi a tasa, ya kunna na'urar ɗumi, ya yi masa bayani tiryan-tiryan, Travis, jerin ɗauka, kaka biyu. Ya zaro takardar daga aljihun rigar sanyin Lyle ya nuna masa. Lyle ya karanta, ya fashe da kuka kamar ba shi ba.

"Na manta shi, Orv. Na tsaya a gaban mutane na manta ɗana."

"Ba ka manta shi ba. Sunan ne ya kufce maka."

"Ka kyauta, ɗan'uwa. Wallahi ka kyauta. Ka riƙe mini shi da kyau."

Ranar Litinin da safe waya ta yi ƙara.

"Ɓarawo," in ji Lyle. "Shekara sittin da biyar ina cin abinci da ɓarawo." Ya kashe.

Orv ya je gidan ya sake bayani daga farko, Marlene na tsaye tana gyaɗa kai. Lyle ya sake kuka, ya sake godiya. Bayan kwana uku ya sake kira. Sau biyar aka yi haka kafin ƙanƙara ta narke. Bayanin ba ya kwana a kansa, amma tura katin nan a kan tebur ya zauna daram, kamar an yi masa walda. A karo na shida Marlene ta tare Orv a ƙofa ta ce ya dakata da zuwa, don duk ranar da Lyle ya gan shi ba ya cin abinci.

A ɗakin ƙasa ma ba sauƙi. Butch ya ɗauke kujerarsa daga kusa da Orv. Ana gaishe shi a taƙaice, ana kiransa Orville. Marlene ce ke kawo Lyle ranar Asabar, ya zauna can ƙarshen tebur ba ya ko kallon sashen da Orv yake. Orv kuma ya ci gaba da gyara masa jeri a ɓoye kowace Alhamis. Abin da ya fi ci masa rai, Curtis ya yi jifan da bai taɓa yi ba. Ƙungiyar da ta shekara talatin da biyar tana shan kashi ta hau saman tebur, kowa na gani. Duk Asabar in kwamfuta ta fitar da sakamako, Orv yakan kau da kai.

A Agusta aka tsinci Lyle da sassafe a ƙofar tsohon wurin aikinsa, da kwanon abincin rana a hannu, yana faɗa da mai gadi wai zai makara. Daga nan ɓoyo ya ƙare. Asabar ɗin da ta biyo, Marlene ta sauko matattakalar nan da kanta, ta tsaya gaban maza goma sha ɗaya ta faɗi komai, har da rantsuwar da ta sa Orv ya yi. Butch ya rufe fuska da hularsa. Travis ne ya fara magana. Ya ce a soke sharaɗin kaka biyu yau ɗin nan, a mayar da katin, sashe na goma sha bakwai kuma a jefa shi a tabki, su za su riƙa tafiyar da ƙungiyar Lyle bi da bi da sunansa. Hannu goma suka tashi. Kundin ya ce ba a sauya doka sai a taron hunturu, kuma duk suka juyo suna kallon wanda ya rubuta haka. Orv ya ɗaga nasa hannun, ya buga sanda.

Sai dai a makon aka kai Lyle gidan kula da tsofaffi, likita kuma ya ce kada a kawo masa baƙi sai ya saba da wurin. Sai tsakiyar Satumba Marlene ta ce Orv na iya zuwa.

Ya je da la'asar, katin na aljihun ƙirjinsa. Ya tarar da Lyle a kujera bakin taga mai kallon tabki, ya rame, faɗin ƙirjin nan duk ya tafi, rigarsa ta yi masa yawa. Orv ya tsaya a ƙofa yana jiran zagi. Lyle ya ɗago ya yi masa murmushi mai kyau, irin wanda ake yi wa baƙo.

"Shigo, malam. Wa kake nema?"

Orv ya zaro katin ya miƙa masa. Lyle ya kai shi kusa da ido, ya bi rubutun hannunsa da yatsa.

"Curtis," ya ce. "Kai, yarona. Ina ka shiga?" Ya manna katin a ƙirji da hannu biyu, hawaye na bin kumatunsa. "Wa ya aiko ka da shi?"

"Daga wajen taro. Dukansu suna gaishe ka."

"Allah ya yi maka albarka. Zauna, zauna mana." Ya jawo hannun Orv ya riƙe, ya matso da bakinsa, ya rage murya. "Tunda kana zuwa wurin, bari in ba ka shawara, don na ga kai mutumin kirki ne. Akwai wani dogo, Orville Zastrow. Tun muna yara muke tare, ni na ɗauki akwatin gawar matarsa. Ya jira sai da ya ga na fara rauni, ya ɗauke mini yaro a gaban mutane, ko diyya bai ba ni ba. Ka san shi?"

"Na san shi."

"Kada ka gaya masa inda nake. Zai zo ya sake ɗauke shi."

Orv ya dubi hannun da ke riƙe da nasa, da tabon walda a bayan yatsu. Ya san bayanin da ka, ya yi shi sau biyar, kuma ya san zuwa safiya ba abin da zai rage sai cewa ɓarawon ya gano ɗakin. Baƙon da ya kawo katin kuwa ana maraba da shi.

"Ba zan gaya masa ba," ya ce.

Ya zauna har aka kawo abincin yamma. Lyle ya ƙi sakin katin, don haka baƙon ne ya yanka masa naman.